Ƙarin tsayi da manyan tayoyi: Lissafin da mai Hilux zai yi kafin ya shiga gareji

Tun kafin ladan ya yi kiran farko unguwar Wambai take farkawa. Da an sallame sallar asuba sai ƙarar injuna ta fara tashi daga lungu zuwa lungu, kowa yana ɗumama motarsa don ya riga cunkoson Madalla da Zuba da Dei-Dei, ya isa Sakatariyar Tarayya kafin a ja layi a littafin sa hannu. Haka rayuwar ɗimbin ma'aikatan gwamnatin tarayya take, kwana a Suleja, wuni a Abuja. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya sallama sunansa na asali ga sabon babban birni bayan dokar 1976 ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau, shi ne ya zama masaukin waɗanda tsadar haya ta hana su kwana a birnin da suke yi wa hidima. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo wasu.

A cikin jerin motocin nan na asuba, a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux tana da matsayi na musamman. Wata ta ofis ce aka bar wa direba ko hadimi ya kwana da ita, wata ta rakiyar wani babba ce, wata kuma mai ita ya saye ta ne a gwanjo bayan ta gama shekarunta na aikin gwamnati. Wanda ya daɗe yana kallonsu zai lura cewa sun fara tsayi. Za ka ga mota ta miƙe kamar raƙumi, tayoyinta masu manyan haƙora sun leƙo waje daga ƙarƙashin madigadi, mai ita sai ya kama marikin ƙofa kafin ya hau.

Dalilin a fili yake. Ma'aikacin da ke zaune a Suleja hanya biyu yake bi. Daga Litinin zuwa Juma'a yana kan kwalta, kimanin kilomita 50 zuwa, 50 dawowa. Ranar Asabar kuma ya nufi gona, ya bi ta Maje da Dikko zuwa yankin Lambata ko Izom, ya saki kwalta ya shiga burji, daga burji ya shiga hanyar da tifa da tarakta suka haƙe da damina. Cikin garin ma ruwa ba abin wasa ba ne; waɗanda suka ga ambaliyar da ta afka wa Suleja a watan Yulin 2017 ba su manta ba. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wato kwarjini. Doguwar mota mai faɗin taya tana sa masu babur da masu keke-napep su kauce, kuma hadimin da ke son a san maigidansa babba ne ya fi kowa sanin haka.

Wani aminina, ma'aikaci a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, mazaunin Wambai, yana da irin wannan mota, ƙirar da aka fara fitarwa a 2015, mai injin fetur na lita 2.7. Sau biyu tana maƙale masa a watan Agusta a wuri guda kan hanyar gonarsa, sai da matasan ƙauye suka taru suka ciro ta. Na raka shi wani gareji, inda babban bakaniken ya zagaya motar sau ɗaya, ya buga tayar gaba da ƙafa, ya ce: "Yallaɓai, ɗaga ta za mu yi. In muka gama da ita, ko kogi ka ga dama ka shiga." Aka ɗaga ta inci uku a wuni ɗaya. Asabar ta zagayo, ta je ta zauna daram a daidai inda ta saba zama.

Abin da ɗaga mota ke ɗagawa

Abin da ya faru da shi shi ne darasi na farko, kuma mafi yawan masu kashe kuɗinsu ba a gaya masu. Ƙafar bayan Hilux doguwar aksil ce guda ɗaya da ta haɗa tayoyi biyu, a tsakiyarta akwai tulun giyar nan da ke raba ƙarfin inji zuwa dama da hagu. Wannan tulu yana daga cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a jikin motar, kuma tsayinsa daga ƙasa bai dogara da sifirin ko shokozoba ba. Ko inci goma aka ɗaga bodi da shasi, aksil tana nan inda tayoyi suka riƙe ta. A hanyar da manyan motoci suka bar ramuka biyu da tudu a tsakani, tulun ne ke hawa tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Abu ɗaya ne kawai ke ƙara masa tsayi, wato taya mai girma.

To mene ne amfanin ɗagawar? Tana nisanta bamba da cikin mota da tankin mai daga ƙasa, abin da ke taimakawa wajen hawa gangare, ƙetare kwata, ko sauka daga gefen kwalta mai tudu. Tana kuma samar wa babbar taya fili a ƙarƙashin madigadi. Wannan amfani ne na gaske, sai dai bai kai yadda ake kururuta shi ba. Batun shiga ruwa kuwa, kamfanin ya ƙayyade wa wannan ƙirar zurfin milimita 700, kuma abin da ke kashe inji shi ne ruwan da ya shiga ta mashaƙar iska. Ruwa mai gudu kuma ba ya tambayar tsayin mota. Gefenta yake tura wa.

Kafin a yi maganar sayen komai, akwai tambayar da ta kamata a fara da ita: shin motar tana kan tsayinta na asali kuwa? Hilux ɗin da ta yi shekara bakwai ko takwas tana jigilar 'yan sanda, ko janareta, ko buhunan siminti, sifirinta ya riga ya kwanta. A sami wuri mai shimfiɗe, a auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a ƙafafu huɗu, a kwatanta da wata irinta da ba ta sha wahala ba. Sau da yawa za a tarar abin da mai mota yake nema ba ƙari ba ne, tsayin da ya ɓace ne, kuma sabon sifirin da sabuwar shokozoba na asali za su maido masa da shi ba tare da an taɓa tsarin motar ba.

Hanyoyin ɗagawa, daga mai araha zuwa mai tsada

Tun daga ƙirar 2005, gaban Hilux yana da sifirin mai naɗi da shokozoba a cikinsa, da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, masu riƙe kowace taya ita kaɗai. Baya kuma sifirin ne mai falle-falle irin na manyan motoci. Saboda haka aikin gaba daban, na baya daban.

Hanya mafi araha ita ce ta sifesa, wato zoben ƙarfe ko na roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokozobar gaba. Ita aka yi wa aminina. Abin da ya kamata a sani shi ne, saboda shokozobar tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa ba a ƙarshensa ba, kaurin sifesa yana kusan ninkawa kafin ya isa taya. Zobe mai kaurin inci ɗaya yakan ɗaga mota kusan inci biyu. Bakaniken da bai san wannan ba, in ka ce masa inci biyu kake so, sai ya je wurin mai injin yankan ƙarfe a yanko masa zoben inci biyu, motar ta wuce inda ƙafarta za ta iya jurewa. Sifesa ba ta ƙara wa shokozoba inganci, ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Tsohuwar shokozoba tana nan da tsufanta, an dai tura ta ƙasa.

A baya, masu neman sauƙi sukan sa bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, ko su tsawaita marataya, ko su ƙara falle ɗaya ko biyu. Ƙarin falle yana da ma'ana ga mai ɗaukar kaya kullum, in dai fallen na motar ne, amma ranar da bayan ya zama fanko mota za ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya, kuma bayan da ke tsalle ba ya riƙe kwalta a kwana. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne al'adar kai sifirin maƙera a gasa shi a wuta a lanƙwasa. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta bisa wani ma'auni. Wuta tana kashe wannan dahuwa, ya yi kyau na wata biyu, sannan ya kwanta ko ya karye da kaya a kai. Duk wanda aka kwance masa sifirin baya kuma, ya dage a sa masa sababbin ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure shi da aksil. Su kaɗai ne ke hana aksil gocewa.

Hanya mai tsada ita ce cikakken saiti: sababbin sifirin gaba da baya da shokozoba huɗu da aka ƙera tare don wannan tsayin. Sunayen da suka yi fice a nan yawancinsu na Ostiraliya ne, ƙasar da a-kori-kura ke shan irin wahalar da take sha a wurinmu: Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, da Tough Dog, sai Bilstein na Jamus. Abin lura shi ne yawancin saitin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa don Hilux ba ya wuce milimita 40 zuwa 50, wato inci biyu ko ƙasa da haka, kuma suna tambayar nauyin da motar ke ɗauka kullum kafin su zaɓa maka sifirin. A ƙa'idojin ƙasar ma milimita 50 ce iyakar da aka saba bari a ɗaga ƙafar mota ba tare da takardar injiniya ba. Mutanen da suka fi kowa sana'ar nan sun tsaya a inci biyu, mu kuma a garejinmu ana gasar inci huɗu.

Dalilin tsayawarsu yana ƙarƙashin motar. Mai giyar ƙafa huɗu tana da shaf biyu a gaba masu kai ƙarfi ga tayoyi, kowanne da gaɓoɓi a cikin roba mai cike da giris. An tsara su su yi aiki kusan a miƙe. Da an ɗaga mota fiye da kima sai su karkace, naɗin robar ya riƙa gugar juna har ya yage, giris ya fantsame, ƙura da ruwa su shiga. Alamar ita ce ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji in an karya sitiyari. Hannun sama kuma yakan kai ƙarshen motsinsa, ya riƙa dukan sifirin, bol-joyin ɗinsa ya shaƙe. Bol-joyin in ya tsinke taya ce ke kwanciya, kuma ba ya zaɓar wuri. Yana iya zama a lungu, yana iya zama a gangaren Dutsen Zuma ana gudun kilomita 100. Wanda ya wuce inci biyu dole ya sayi hannuwan sama na musamman, ya duba tsawon tiyon birki da wayar ABS don kada su ɗaure in ƙafa ta saki. A tsofaffin ƙira marasa ABS akwai wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta hanyar tsayin mota don ya raba ƙarfin birki. In an ɗaga mota ba a saita shi ba, zai ɗauka kullum fanko take, ya rage wa birkin baya ƙarfi ko da tana ɗauke da doya har baki.

Akwai kuma masu ɗaga bodi kaɗai, su sa bulo tsakaninsa da shasi. Wannan ba ya ƙara wa cikin mota tazara daga ƙasa ko ta ƙwayar gero, kuma yana taɓa sandar sitiyari da tiyoyin lagireto. Ga mai zuwa ofis da gona, ba shi da wani amfani.

Kowace hanya aka bi, aikin bai ƙare ba sai an kai mota an yi mata alaimen a kan na'ura, an kuma sauke hasken fitilun gaba. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Abuja bayan isha'i ya san azabar fitilar doguwar mota a madubi.

Lambobin da ke jikin taya

Bayan ta sake maƙalewa, aminina ya koma garejin, aka ce masa ai taya ce ta rage. Ya je kasuwar kayan gyara ta Zuba ya sayo 'yan gwanjo huɗu masu lamba 285/70R17, masu haƙora kamar na tarakta. A nan ne lissafi ya kamata ya shigo.

Tayar da motarsa ta zo da ita 265/65R17 ce. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin 100 na faɗin. Ta ƙarshe girman wili ne da inci. In aka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 776. Mai bi mata, 265/70R17, tana da milimita 803. Ita kuwa 285/70R17 ta kai 831. Sai dai rabin bambancin ne kawai ke zama ƙarin tsayi, domin aksil a tsakiyar taya take. Ta tsakiyar za ta ɗaga tulun aksil da milimita 13, babbar kuma da milimita 27, wato inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Duk wannan hidima a kan inci ɗaya ake yin ta.

Ga abin da ake biya. Babbar tayar ta fi ta asali kewaye da kashi 7 cikin 100. Motar tana ƙirga gudu da nisa ne ta yawan juyawar taya, saboda haka inda allura ta saba nunawa a gudun da ka sani, yanzu ka ɗara shi da kashi 7. Abin da kake ɗauka 100 ne ya doshi 107, alhali 100 ce iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta sa wa motocin gida a babbar hanya. Mitar nisa ma za ta riƙa rage lissafi. Mai yin kilomita 100 a rana, kwana 22 a wata, ya yi 2,200, amma mita za ta nuna masa abin da bai kai 2,060 ba. Ranar juyen bakin mai za ta riƙa wucewa bai sani ba. Ga direban gwamnati kuwa abin ya fi haka: littafin tafiye-tafiye zai nuna mai da yawa, nisa kaɗan, kuma mai binciken kuɗi ba zai tambayi girman taya ba kafin ya rubuta takardar tuhuma.

Inji ma yana ji a jikinsa. Ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa da kusan wannan kashi, ga ƙarin nauyin tayar kanta. Injin fetur na 2.7 ba mai rarar ƙarfi ba ne tun asali. Zai riƙa neman ƙaramar giya a hawan da da yake wucewa ba tare da nishi ba, kulochi ya sha wuya a cunkoson Madalla. Mai kuwa ba sai an faɗa ba. A ɗauka, don misali kawai, ƙarin bai wuce lita ɗaya a kowace kilomita 100 ba: lita 22 ke nan a wata, 264 a shekara. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ba ta kai Naira 200 ba, ana iya kau da kai. A watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000 a Abuja. Mai albashi ya san abin da wannan ke nufi a gidansa.

Sai gugar jiki. Taya mai faɗin 285 a kan wilin asali takan taɓa hannun sama ko robar cikin madigadi in an karya sitiyari duka. Maganin da ake bayarwa nan take shi ne a sa wani zoben tsakanin wili da ƙafa don a turo tayar waje, abin da ke ɗora wa boris nauyin da ba nasa ba, ya kuma sa taya ta riƙa watsa taɓo da tsakuwa ga na baya. Lungunan Wambai, kamar na duk tsohon gari, an yanka su ne tun zamanin doki da jaki. Aminina kullum sai ya yi gaba da baya sau uku kafin ya shiga ƙofar gidansa, tayar tana kuka a jikin madigadi, maƙwabta suna kallo.

Game da zanen taya, haruffa uku ne a kasuwa. H/T ta kwalta ce, M/T ta taɓo, A/T kuma tana tsakani. Mai haƙoran taɓo tana da kyau a ido kuma tana aiki a fadama, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, birki yana ƙara nisa, ga gurnani tun daga Suleja har Kubwa. Wanda kwana biyar cikin shida na tafiyarsa a kan kwalta yake, A/T ce tasa, irin su BFGoodrich All-Terrain, Bridgestone Dueler ko Dunlop Grandtrek, ko wata mai sauƙin kuɗi da ta cika ƙa'ida. Kada kuma a raina siririyar tayar nan 205R16C da yawancin motocin ofis ke zuwa da ita a kan wilin ƙarfe. Harafin C yana nufin ta ɗaukar kaya ce, kuma a taɓon da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinsa siririya takan yanka ta taɓo ƙasa, mai faɗi tana yawo a sama.

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 112S. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 110 kilo 1,060 ne, 112 kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Harafin iyakar gudu ne: Q kilomita 160, S 180, T 190. Girman taya ba ya nufin ƙarfinta, kuma bai halatta a sauka ƙasa da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba ba.

Kasuwar da babu masana'anta a bayanta

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayar mota ta zama kayan shigowa. Tayoyin gwanjo na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su, amma daga Zuba zuwa ƙauyen bakanikai na Apo, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, kowa ya san ba su yanke ba. Manyan lambobi irin su 285 sun fi yawa a gwanjo, domin sabuwarsu ta fi ƙarfin aljihu.

A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2423 na nufin mako na 24 na 2023. FRSC ta daɗe tana wa'azin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kamfanin Michelin ya fi sassauci, ya ce a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta biyar, a jefar da ita a ta goma ko da zanenta bai cinye ba. Ko wanne aka bi, tayar da ta yi shekara bakwai a ƙasar sanyi, aka cusa ta cikin 'yar'uwarta a kwantena, sannan aka ɗora ta kan kwaltar watan Maris, ba abin dogaro ba ce. Da muka duba na aminina, biyu sun haura shekara takwas, kuma huɗun ba kamfani ɗaya ba ne. Shokozoba masu manyan sunaye ma ana buga na jabu; fenti da sitika ba su da wuyar samu. Farashin da ya yi araha fiye da hankali ya isa shaida.

Nauyi a sama, rai a baya

Duk abin da ya gabata asarar kuɗi ce. Abin da ya rage ya shafi rai. A-kori-kura tun daga masana'anta cibiyar nauyinta tana sama da ta ƙaramar mota. A 2016 mujallar motoci ta Teknikens Värld da ke ƙasar Suwidin ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabba a kan hanya, da kaya a bayanta, a gudun kilomita 60 kacal. Tayoyinta biyu suka bar ƙasa, ta kusa kifewa. Daga baya kamfanin ya gyara saitin na'urar da ke daidaita ta. Wannan mota ce sabuwa fil, ba wanda ya taɓa ƙafarta. Ita na'urar ma an saita ta ne bisa tsayi da tayar asali. A Amurka kuwa, a watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 bayan da fatarsu ta riƙa ɓarewa a kan motocin Ford Explorer, motocin suna wuntsilawa. An danganta mutuwar fiye da mutum 200 da lamarin. Zafi, ƙarancin iska da doguwar mota ne suka haɗu, kuma ukun duk muna da su.

Yanzu a kawo hoton motar rakiya. An ɗaga ta inci uku, an kafa benci a bayanta, jami'ai shida ko takwas suna zaune sama da bakin bodi da bindigoginsu, babu mai ɗamara, direba yana bin jif ɗin maigida a gudun da ba shi ya zaɓa ba. Rami ɗaya a hanyar Minna, ko babur ɗaya da ya faɗo a mahaɗar Dikko, ya isa. Hadimin da ya sa hannu a takardar ɗaga wannan mota don ayarin ya yi kyau a ido, ya sani cewa da wuyan waɗancan mutanen ya yi ado.

A cikin unguwa kuma haɗarin na yara ne. Duk incin da aka ƙara wa hancin mota yana ƙara faɗin wurin da direba ba ya gani a gabansa. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna motocin da tsayin hancinsu ya wuce inci 40 sun fi kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100, in aka kwatanta da masu hancin inci 30 ko ƙasa mai gangare. Doguwar mota ƙirji take duka, ta tura mutum ƙarƙashinta. Wanda ya taɓa shiga Wambai da la'asar, lokacin da aka taso yara daga Islamiyya, ba ya buƙatar a fassara masa wannan adadi.

Wanda motar ba tasa ba ce, ya nemi izini a rubuce daga sashen sufuri kafin a kwance ƙusa ɗaya. Dukiyar gwamnati ce, kuma ranar da aka yi haɗari za a nemi wanda ya ba da umarni. Sabuwar mota tana iya rasa garantin kayan ƙafarta. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa sauyin da ya yi, don kada ya ba su hujjar ƙin biya.

Aminina ya yi wata biyar da motarsa a wancan hali. Ya sauya robar shaf sau biyu, ya sauya shaf ɗin hagu gaba ɗaya, sannan wata rana da ruwa ya taka birki a Gauraka motar ta ja shi har gefen hanya. A makon ya sa aka cire zobban inci ukun, aka sa masa saitin inci biyu da aka zaɓa bisa nauyin da yake ɗauka, ya sayar da manyan tayoyin da asara, ya sayi 265/70R17 masu zanen A/T sababbi. Biyar ya saya, domin giyar ƙafa huɗu ba ta son taya mai bambancin girma, kuma safayar da ba ta kai sauran ba ba ta da amfani a daji. Ya sayi jak mai tsayi, tunda na asali ya daina isa, da gejin iska nasa na kansa, domin na mai facin bakin hanya kowanne da irin karatunsa. Wurin nan da take maƙalewa kuwa, shi da manoman da ke bin hanyar suka haɗa kuɗi aka zuba tifa biyu ta tsakuwa kafin saukar damina.